Mabuɗin Minti Arba'in

Ƙarfe biyu saura na dare, Kauran Namoda ta yi tsit,
ban da injin wutar maƙwabta da ke tari kamar tsoho.
Waya ta haska a gefen matashina.
Zauren ma'aikata ne, mu tara a ciki,
zauren da ba tabarma, ba buta, ba inda za a tuɓe takalmi.

Lirwanu ne:
"Salamu alaikum, Hajjiya. Kuɗin manoman Kurya sun maƙale a hanya.
Ki buɗe min kundin na'ura in bi sawu."

Kundin nan ba ya mantuwa.
Wanda ya shiga, da sa'ar da ya shiga,
abin da ya taɓa, da wanda ya kai hannu ya fasa,
har sunan tsohuwar da ta ajiye dubu huɗu,
kuɗin ƙuli-ƙulin wata uku,
yana nan kwance, layi bisa layi.

Shekara ashirin da shida Babana ya yi
da mabuɗan sito na tashar jirgin ƙasa.
Sha ɗaya ne, a zoben ƙarfe, rataye a ƙugu,
kana jin tahowarsa tun bai karyo kwana ba.
Bai taɓa miƙa wa mutum ko ɗaya ba
sai ya dube shi ido cikin ido,
ya sa shi ya dangwala yatsa a littafi.

Ni nawa mabuɗin ba ya ƙara.
Kalma biyu ce: Na amince.
Minti arba'in, dubawa kawai, kada a goge ko ɗigo.
In wa'adi ya cika ƙofa ta ja kanta,
mutum takwas kuma sun shaida na buɗe.
Na rubuta, na juya, na koma barci.
Kafin asuba Lirwanu ya gano inda igiyar ta tsinke.

Amma akwai wani dare cikin damina,
ruwa na dukan kwano kamar ana sussuka,
saƙo ya shigo da sunan Nafi'u, da hotonsa, da hularsa:
"Madam, a buɗe min duka, da gaggawa, har safe."

Yatsana ya riga ya kama hanya.
Gajiya ma tana da nata sa hannun.

Sai dai Nafi'u bai taɓa ce min Madam ba.
Yaron da ko gobara ake yi sai ya fara da sallama,
ya tambayi ƙafar Inna, kana ya faɗi abin da ya kawo shi.
Barira, da goyonta ya hana ta barci, ta jefo tambaya:
"Wace matsala kake bi?"
Aka ga alamar ana rubutu.
Aka daina.
Aka sake farawa.

Na kira layin, ya yi ta ƙara ba a ɗaga ba.
Na kira matarsa, ta miƙa masa, murya duk barci:
"Hajjiya, tun la'asar aka zare min ita a tashar Gusau.
Kunya ta hana ni faɗi."

Na rubuta: Ban amince ba.
Na fitar da lambar daga zaure,
na zauna bakin gado ina sauraren ruwa,
hannuna na rawa, kamar ni na yi satar.

Da safe na buɗe kundin don kaina.
Ga ni a ciki, ni ma bai ƙyale ni ba:
sunana, ƙarfe ɗaya da minti hamsin da biyu, ta ƙi.
Ban da minti shida da na yi ina jinkiri,
su ba su da layi.

Mabuɗan Baba suna cikin durowata a ofis, sun yi tsatsa.
Siton ma tuni aka cire masa ƙyaure,
awaki ke kwana a ciki.
Wani lokaci, kafin in danna, nakan jawo durowar
don dai in ji ƙararsu.